Sawun Yatsan Bahaguwa

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo cewa na bar ku a rataye, na ji, ku yi haƙuri, cajata ce ta yi yaji. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse Mai Hoto ne munafukin labarin nan, gyara zama, yau za ki ji da kunnenki.

Sababbin shigowa, ku matso in gutsura muku. Bahaguwa maginiyar tangaran ce a shagon kawunta. Akwai wani gidan magina a wata ƙasa da ke ɗaukar baƙo ɗaya tak duk shekara, su ba shi ɗaki da yumɓu da matoya, wato wurin gasa tukwane, na wata shida, ba abin da zai yi sai gini. Ta sha nema ana mayar da ita, har kunya ta sa ta daina faɗa wa mutane. Bana ta tura hotunan tuluna uku a asirce, Kawu da Mamanta kaɗai suka sani, sai ga shi an kira ta hirar ƙarshe ta bidiyo.

*

Ta jingina wayar da gwangwanin sukari, ta gyara ɗankwali, ta sake goge gumin hancinta. Matar da ke tantance masu neman gurbin ta bayyana, tabarau a kan hanci, fuska a ɗaure tamau. Tun daga nan gaban Bahaguwa ya faɗi, don wancan karon da suka yi magana matar nan har dariya ta yi mata.

"Malama, kafin mu fara, akwai abin da zan nuna miki."

"To, ina ji."

Hoto ya cika fuskar wayar. Tuluna uku masu siririn wuya, ƙyallinsu ruwan toka, ratsin kore yana gangarowa daga kafaɗa.

"Kin gane su?"

"Ai nawa ne. Su na turo muku."

"Ki duba dai da kyau."

Ta matso da fuska. A hotunan da ta tura, farin ƙyalle ne a bayan tulunan. Wannan shuɗi ne.

"Wannan hoton ba daga wurinki ya zo ba," in ji matar. "Wata ce ta turo shi. Ita ma gurbin take nema, ita ma ta ce aikin hannunta ne."

Bahaguwa ta ƙara matsowa kusa da wayar.

"Wace ce?"

"Ba ma faɗa wa mai nema sunan mai nema."

"Amma ai kayana aka sata!"

"Ita ma idan na kira ta, abin da za ta ce ke nan. Ki saurare ni. Ku biyun kun kai matakin ƙarshe da tuluna guda, ke nan ɗayarku ta yi mana ƙarya. Wadda ta yi, ba mu kaɗai za mu rufe mata ƙofa ba, sauran gidaje irin namu muna sanar da juna. Zan sake kira kafin mu tashi aiki yau. Ki kasance kusa da tulunan."

Wayar ta yi baƙi.

Daga uwar ɗaka muryar Mama ta fito a hankali, irin ta wanda ɗinkin tiyata bai gama warkewa ba.

"Sun ɗauke ki?"

"Sun ce sai an jima, Mama."

"To, Allah ya sa mu ji alheri. Amma me ya sa muryarki take rawa?"

"Yunwa ce."

Ta figi mayafi ta fice, ko lura ba ta yi ba cewa takalman da ta sa ba iri ɗaya ba ne.

*

Mutum ɗaya ne ya faɗo mata a rai, kuma kafin ta kai bakin titi ta riga ta yanke masa hukunci. Tulunan nan ba su taɓa barin shagon Kawu ba sai ranar da aka ɗauke su hoto. Wa ya ɗauka? Mai Hoto. Wa yake da baki kamar rediyo? Mai Hoto.

Ta same shi yana yanka ƙananan hotunan fasfo da almakashi, yana bin waƙa da kai.

"A'a, manyan magina! Yau kuma me za mu..."

"Wa ka sayar wa hotunana?"

Almakashin ya tsaya a iska.

"Ko gaisuwa babu?"

"Wa ka sayar wa?"

"Haba Hajiya, ni da nake cin abinci da amana? Wallahi ko ƙanwata ban nuna wa ba."

Ba ta saurare shi ba. Idonta ya riga ya sauka a kan ƙyallayen da ke naɗe a jikin bango, fari, baƙi, ja. Ta fizgo shuɗin ta warware. A kusurwarsa akwai tabon shayi, daidai inda ta gan shi a hoton ɗazu.

"Wannan fa?"

"Ƙyalle ne."

"Na san ba akuya ba ce! Yaushe ka ɗora tulunana a kansa?"

Ya sosa ƙeya, ya dube ta da mamakin da ba na ƙarya ba.

"Au, wannan kike wa tsiya? Ai na ɗauka kin sani. Bayan naki da 'yan kwanaki aka sake kawo su. Aka ce na tallar shago ne, a sauya ƙyalle kada su yi kama da na farko."

"Aka ce. Wa ya ce?"

"Shiru-shiru ce ta rungumo su a kwali."

Bahaguwa ta dafa tebur.

Shiru-shiru 'yar Kawu ce, ƙanwa ce a wurinta, tare suka tashi suna cin dukan tsiya a kan wasa da yumɓun mutane. Yarinyar da sai ta yini a shago ba ka ji muryarta ba. Ashe shirun nan ba na Allah da Annabi ba ne.

"Ita kaɗai?"

"A'a. Da Kawu suka zo. Shi ma ya zaɓi shuɗin."

"Ƙarya kake!"

"To. Na zama maƙaryaci kuma, bayan ɓarawo. Ki je ki tambaye shi mana, ai ba nisa."

Ta juya za ta fita, ya ɗaga murya.

"Hajiya, takalminki fa..."

Ko waiwaye ba ta yi ba.

*

A hanya ta dinga gyara wa Kawu zance a ranta. Yaudararsa aka yi. Yarinyar ce ta ce masa talla ne, shi kuma ya raka ta da zuciya ɗaya. Mutumin da ya tsaya mata shaida a wurin mutanen gidan maginan, mutumin da ya ce mata "bana naki ne," ba zai yi mata haka ba. Ta maimaita wa kanta wannan har ta kusa yarda.

Shagon yana nan yadda ta bar shi jiya. Ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu, kwanonin shayi jere a kan katako suna shan iska, matoya a kusurwa ta huce. Faifan gini uku ne a ciki, irin wanda ake taka shi da ƙafa yana juyawa. Na tsakiya na Kawu ne, ƙura ta rufe shi, don tun bara ya ce ya bar wa yara fili. Yana zaune a bencinsa, hannuwa biyu a cuse cikin aljihun riga kamar kullum, shayinsa a gefe ya yi sanyi bai taɓa ba.

Shiru-shiru tana kan nata faifan tana ɗago wani kwano.

Tulunan uku suna can saman kanta, suna ƙyalli abinsu.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Shiru-shiru, ba ta ɗago ba.

"Tsayar da faifan nan."

"Bari in ƙarasa bakin..."

Bahaguwa ta sa tafin hannu ta danne kwanon. Ya lotse ya zama curi.

"Ke!" Kawu ya zabura. "Lafiyarki kuwa?"

"Lafiyar ke nan, Kawu. Tambayi 'yarka inda ta tura hotunan tulunana."

Shiru-shiru ta ɗago. Bahaguwa ta zuba mata ido tana jiran ta ga tsoro, ko kunya, ko kame-kame. Abin da ta gani ya fi ba ta haushi. Mamaki ne.

"Wa ya faɗa miki?"

"Au, ba ma musu za ki yi ba?"

"Musun me? Na nemi gurbin, eh. Amma ke mene ne naki a ciki, tunda kin fasa?"

"Na fasa? Ni? Uban wa ya ce miki na fasa?"

Idon Shiru-shiru ya ɗan gilma wajen benci ya dawo. Gilmawar nan ba ta wuce Bahaguwa ba.

"Ku bi a hankali," in ji Kawu. "Maƙwabta suna ji."

"Su ji! Yau da safe aka kira ni, aka ce mu biyu mun tura tuluna guda, ɗayarmu ɓarauniya ce. Kafin yamma za a sake kira, kuma wadda aka kama ta gama neman gurbi a duniya. Ke, ko kunya ba ki ji ba? Ina asibiti ina jinyar Mama, gwaggonki fa, ke kina nan kina lissafin yadda za ki ci gumina?"

Shiru-shiru ta miƙe, ta goge hannu a jikin zaninta a hankali.

"Yaya, kada ki sake ce min ɓarauniya."

"An ce! Ɓarauniya!"

"Ban tura abin da ba ni na gina ba."

Bahaguwa ta yi wata dariya mai ciwo.

"Ke kika gina? To madalla. Kawo wayarki, kunna bidiyo. Yanzu za a yi ta ta ƙare."

Ga abin da take taƙama da shi. Duk maginin da ya ɗago tulu a kan faifai, yatsansa yana barin sawu a ciki, layi mai murɗawa daga gindi zuwa wuya kamar bayan dodon koɗi. Waje ana goge shi ya yi sumul, amma cikin tulu mai siririn wuya hannu ba ya komawa, sawun yana nan har abada. Na kowa ta dama yake hawa. Ita kuwa da hagu take aiki, tun tana ƙarama ta kasa faifan mutane, har sai da Kawu da kansa ya juya mata igiyar nata ya koma yana gudu baibai. Saboda haka duk abin da ya fito daga hannunta, sawunsa ta hagu yake hawa. Ko cikin duhu aka ba ta tukwane ɗari, za ta fitar da nata.

Ta taka kujera ta sauko da tulu na farko.

"Bahaguwa," in ji Kawu. "Ajiye tulun nan mu yi magana."

"Bayan na gama, Kawu."

"Na ce ki ajiye."

Ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, sai yau. Ta zura yatsu biyu a wuyan tulun, ta shafa ta ciki, tana kallon Shiru-shiru ido cikin ido.

Sai murmushinta ya fara bajewa.

Ta zare yatsun. Ta juya tulun, ta sake zurawa.

Ta kunna tocilar wayarta ta haska ciki, ta kanne ido ɗaya.

Sawun ta dama yake hawa.

Ta dire shi, ta sauko da na biyu. Dama. Na uku, wanda ta fi so, wanda ta yi wa dogon bayani a takardar nema. Dama.

Ta ajiye tulun a ƙasa.

"Waɗannan ba nawa ba ne," ta faɗa, muryarta can ƙasa.

"Na faɗa miki," in ji Shiru-shiru.

Bahaguwa ta zauna a kan buhun yumɓu. Sai yanzu abubuwa suka dinga dawo mata. Ta gina tulunan, ta lulluɓe su da leda su bushe, ranar kuwa Mama ta faɗi. Makonni ta yi a asibiti tana kwana a kan tabarma. Kawu ya ce kada ta damu, shi zai yi musu gashin farko. Da ta dawo, lokacin rufe nema ya matso, ta same su a gashe suna jira, ta haɗa ruwan ƙyallinta na toka, wanda ake zuba wa tulu kafin gashin ƙarshe, ta zuba musu a gurguje, idonta ko buɗuwa ba ya yi don barci. Ta tuna sarai ta ji sun ɗan fi nauyi a hannu. Ta ce gajiya ce.

Wato ita da ta zo kama ɓarauniya, ita ce ta tura ginin wata ta sa hannu cewa nata ne.

Ta ɗago jajayen idanu.

"Kawu, ina nawa?"

Ya sauke ajiyar zuciya, irin ta wanda ya daɗe da shirya amsa.

"Fashewa suka yi a matoya, ɗiyata. Ba su gama bushewa ba na saka su, laifina ne. Na buɗe na tarar da ɓaraguzai. Ga uwarki rai a hannun Allah, in zo in ƙara miki da wannan? Shi ne na ɗauko zanenki na ba ƙanwarki, na ce ta gina miki madadinsu. Don ke na yi."

Maganar ta zauna daram. Har ta ji tausayinsa ya fara tsarga mata, ta ji kunyar ihun da ta yi. Saura kaɗan ta ce ya yafe mata.

Sai idonta ya sauka a kafaɗar tulu na uku.

Akwai 'yar lotsawa a wurin, ba ta fi kan babban yatsa ba, inda koren ƙyallin ya taru ya yi duhu. Ta san ta. Tana cikin gyara kafaɗar tulun ne aka bugo waya cewa Mama ta faɗi, ta zabura, gaɓar yatsanta ta doki yumɓun. Ba ta tsaya gyarawa ba ta fita da gudu.

Ta ɗora yatsa a kai.

"Kawu, daga zanena aka gina?"

"Daga shi."

"Wannan lotsawar tana cikin zanen?"

Kawu ya kawar da kai.

"Ba ta ciki, Kawu. Tsautsayi ne, bayan na gama zane da daɗewa. Wanda ya kwaikwayi wannan, tulun yana gabansa lafiya lau yana kallo." Ta juya. "Ke. Me aka ajiye miki a gaba, zane ko tulu?"

Shiru-shiru ta dubi ubanta.

"Baba, ba haka ka faɗa min ba."

"Ki rufe min baki."

"Ka ce min tsagewa suka yi ta gindi, ba za su jure wuta ba. Ka jera min su a nan, a kan katakon nan, ka ce in kwaikwaya har lotsawar, kada Yaya ta gane ranta ya ɓaci."

"Kin ga tsagar da idonki?" in ji Bahaguwa.

"Bai bari na ɗaga su ba."

"Sai kuma aka ce miki na fasa nema."

"Bayan kin zuba ƙyalli. Ya ce kin haƙura saboda jikin Gwaggo, kin ƙarasa su ne kawai don kada su lalace. Ya ce tunda ginin nawa ne in gwada sa'ata, amma kada in tayar miki da zancen, ciwo yake miki."

"Ƙyallin fa? Shi ma naki ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ya ce haɗin gidan nan ne, na kowa ne. Na san ba haka ba ne, Yaya. Na sani. Amma ni ma ina son in tafi. Ban taɓa faɗa ba ne kawai, don ba wanda ya taɓa tambayata."

Wannan ce magana mafi tsawo da Bahaguwa ta taɓa ji daga bakinta, kuma ta soke ta fiye da zagi.

Su biyun suka juya ga benci.

Kawu ya kafa wa ƙasa ido. Ni kaina mai ba ku labari, da ina wurin da na so ya yi musu, ko ya yi faɗa, ko ya kore su. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ka ce min bana nawa ne," in ji Bahaguwa. "Ka ce mata ta gwada sa'arta. Ka tsaya min shaida, ka raka ta wurin hoto. Ka san za su ga tulunan sau biyu."

"Na sani."

"To don me aka sha wahalar gina wasu? Me ya hana ka ba ta nawa kawai ta ɗauka hoto?"

Ya ɗago a karo na farko.

"Wa ya juya miki igiyar faifai?"

"Kai."

"To ai na san abu na farko da za ki yi shi ne ki zura yatsa. Da naki ne, da kin nuna musu sawun hagu kin wuce abinki, 'yata kuma ta zama ɓarauniya. Haka kuwa, ginin nata, ƙyallin naki, siffar taki, hannun nata. Ba wadda za ta iya rantsuwa. Na ɗauka za su ce rikicin 'yan gida ɗaya ne, su ajiye ku duka su ɗauki wani. Ban san suna kai ƙara wasu gidajen ba. Wallahi wannan ban sani ba."

Ba ɓacin rana ba ne, ba kuskure ba ne. Zama ya yi a kan bencin nan, da shayinsa, ya auna su su biyu ya yanka.

"Ina tulunana?"

"Ɗakin toka. Bayan buhuna."

Shiru-shiru ta ruga. Aka ji ana jan buhuna, ana tari. Ta fito da toka har gira, rungume da tulu ɗaya a naɗe cikin tsohon bargo. Ɗanye ne, ko wuta bai gani ba, fari fat da bushewa. Bahaguwa ta karɓa, ta juya gindinsa. Babu tsaga ko ta gashin kai. Ta zura yatsu.

Hagu.

Hawayen da ta riƙe tun safe suka ɓalle.

"Me ya sa ba ka fasa su ba? Ai da ka huta."

"Na ɗauko guduma. Na kasa. Tun da aka buɗe shagon nan ba a taɓa gini irinsu ba, har da nawa."

"To me na yi maka, Kawu? Me na yi maka?"

A hankali ya zaro hannuwansa daga aljihu ya miƙa su gabansa.

Rawa suke yi. Ba 'yar rawar tsufa ba, karkarwa ce sosai, yatsun suna bugun juna kamar ba nasa ba. Ya kai hannu ga kofin shayin don su gani, kofin ya dinga kaɗawa a kan faranti har shayin ya zube masa a riga.

"Baba!" Shiru-shiru ta toshe baki. "Tun yaushe?"

"Tun bara. Ba fili na bar wa yara ba. Ko ƙoƙo ba na iya ɗagowa." Ya dubi Bahaguwa. "Duk abin da ake saye a shagon nan da sunana, hannunki ne da nata. Wanda ya tafi gidan can ba ya dawowa wannan lungun, na ga irinsu. In kin tafi, ita ma gobe za ta bi. In zauna da faifai uku ina kallo?"

"Da ka faɗa min."

"Da kin zauna?"

Ba ta sani ba, kuma ya ga ba ta sani ba.

Wayarta ta ɗauki ƙara a kan buhun yumɓu.

Kiran bidiyo ne. Matar gidan magina.

Bahaguwa ta dubi tulunan nan uku masu ƙyalli, ta dubi ɗanyen da ke cinyarta. In ta ce nata ne ta yi shiru da zancen sawu, ita za a fi yarda da ita, don ita ta san haɗin ƙyallin, amma an gama da Shiru-shiru har abada. In ta ce ginin ba nata ba ne, ta amsa da bakinta cewa ta tura aikin wata. In kuwa ta kwashe duka ta faɗa, sunan Kawu, wanda shi ne shaidarta, shi ne kuma abincin gida biyu, ya zube a ƙasa yau ɗin nan.

"Yaya," Shiru-shiru ta raɗa, "ki ɗauka, zai katse."

Kawu bai roƙe ta ba. Ya dai bar hannuwan a waje, bai mayar da su aljihu ba.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta danna.

Tabarau ya bayyana.

"Malama, kina kusa da tulunan?"

"Ga su nan."

"Madalla. Na ga akwai mutane a bayanki, ba komai, su tsaya. Ɗazu na sake karanta bayanin da kika rubuto mana, na ga kin ce da hagu kike gini, faifanki baibai yake juyawa. Ni ma maginiya ce, na san abin da wannan yake bari a cikin tulu. Abin ya zo da sauƙi ke nan."

Matar ta gyara tabarau, ta matso da fuska.

"Ɗauki na ukun nan mai lotsawa. Kunna tocila, ki haska min cikinsa in gani."